Yatsa Uku Daga Kwalba

Litinin, 3 ga Maris
Nutron ɗari da arba'in a awa ɗaya. In an kashe wuta kuwa, casa'in. Farfesa ya tsaya gaban na'urar ƙirga nutron yana murmushi kamar wanda aka yi wa haihuwa. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana tura lantarki cikin kwalbar ruwa mai nauyi da sandar ƙarfen faladiyom, wai ƙwayoyin zarra za su haɗe ba tare da tsananin zafi ba. In sun haɗe sai su fitar da ƴan ƙwayoyin da ake kira nutron, ƙaruwarsu ita ce shaida. Ni dai nawa saita na'ura da rubuta lamba. Ban taɓa yarda da abin ba, a gida ma shayin Farfesa nake kiransa.

Laraba, 5 ga Maris
Ranar ashirin zai aika wa mujalla sakamakon, kafin ya yi ritaya. Har da sunana.

Alhamis, 6 ga Maris
Na dafa jikin na'urar, na ji ɗumi. Ni na matso da ita watan jiya, yatsa uku daga kwalbar, na manna selotef a tebur, don ya ce kusa ta fi kamawa. Kwalbar nan tana zafi in wuta na aiki. In mun kashe don gwadawa kuwa, sanyi ƙalau.

Juma'a, 7 ga Maris
Yana wurin taro na ɗauke kwalbarsa, na ajiye wata da ruwan zafi daga fulas ɗina. Ruwan famfo zalla. Ɗari da talatin da takwas. Na maimaita, haka. Ashe zafi take ƙirgawa.

Lahadi, 9 ga Maris
Abinci ya ƙi ciwuwa. Da na gaya wa maigidana, ya ce, "Ki rufa wa tsohon asiri mana, wa zai sani?" Duk wanda ya fara gwadawa a wani wuri zai sani. Sannan a yi masa dariya a bainar jama'a.

Litinin, 10 ga Maris
Ban iya faɗa da baki ba, sai na zuba ruwan zafin a gaban Farfesa. Awa guda muna zaune muna jiran ƙirge. Da lambar ta fito ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. "'Yata, tun yaushe?" Na ce tun Alhamis, Malam, kuma laifina ne. Ya ce shi ya ce a matso. Da hannunsa ya ɓamɓare selotef ɗin. Tausayinsa ya kama ni, na shiga banɗaki na yi kuka.

Juma'a, 21 ga Maris
Ba a aika komai ba. Na'urar yanzu taku ɗaya daga kwalbar, da katanga ta hana zafi a tsakani. Casa'in da ɗaya, casa'in, casa'in da biyu. Farfesa ya fara kwashe littattafansa a kwali, ya bar min mukullin ɗakin. Bai ce in ci gaba ba.

Na ƙara wa kwalbar ruwa kafin in tashi. Don kada sandar ta bushe ne kawai.

Gobe Asabar, babu aiki. Amma zan ɗan leƙo in ga lambar.