Ba Kaza Ba Ce

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga mahaifinka, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka a can dajin da kuke awon hanya. Yaya rana, yaya sauro, yaya ƙafar nan taka da ta gurɗe? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai yanar ido da ta ƙara rufe min gani. Likita ya ce aiki za a yi, ya ba ni maganin ɗigawa kafin lokacin. Shi ya sa ka ga wasiƙar nan a bayan tsohuwar kalanda, da baƙaƙe manya-manya.

Da gangan na zaɓi takarda na ba direban da ke kai muku kaya. A waya kana katse ni ka ce sabis ne ya ɗauke. Takarda ba ta da sabis, sai ka karanta ta har ƙasa.

Matarka ta gaya min hukuncin da ka yanke. Wai in ka dawo ka tarar ɗanka, takwarana, bai iya cika shafi da rubutu mai zama a kan layi ba, karatun gida ya ƙare, za ka kai shi can garin yayarka ya zauna a hannunta, ya shiga makarantar da take shugabanta. Na ji, kuma ban yarda ba. Yaron da bai cika shekara bakwai ba, wanda aka ajiye a gida saboda ƙirjinsa, uwarsa ta bar aikin koyarwa don ta zauna da shi, shi za a ɗauke saboda wutsiyar baƙi ta leƙa ƙasan layi?

Bari in gaya maka abin da ba ka sani ba. Ranar da aka tura maka hoton littafinsa ka bugo waya, muryarka a buɗe take, yana zaune a ƙarƙashin tebur. Ka yi dariya ka ce kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan takarda. Kai ka manta, shi bai manta ba. Tun daga ranar fensir ya fara ɓata a gidan nan. Uwarsa ta saya, ya ɓata, ta sake saya. Shekaranjiya na cire sirdin wani tsohon keke a rumfata zan sa masa mai, sai ga fensira cushe a cikin bututun, duk an karya musu baki. Na mayar da sirdin na ɗaure, ban ce wa kowa komai ba.

Ba laifin matarka nake gani ba. Tana ƙoƙari har ta wuce. Ya rubuta baƙi, ta goge, ya sake, ta goge, har shafin ya huje. Shi kuma sai ya ce hannunsa na ciwo, ko fitsari yake ji, ko ya kwantar da kai a kan tebur ya zama dutse. Lissafi kuwa da baki yake ba ta amsa kafin ta rufe nata, karatu yana yi kamar ruwa. Rubutun ne kawai ya ɗauka abokin gaba.

Ka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ni da na yi rayuwata ina miƙe wilin keke na san inda ƙarfe yake karyewa. Kuma ka tuna, ni da gemuna na shiga makarantar yamma, ina rufe rumfa in tafi da baƙin mai a farce. Wasiƙar farko da na taɓa rubutawa kai na aika wa, kana makarantar kwana. Layukanta kamar hanyar maciji suke. Ba ka dawo min da ita ka ce in gyara ba. Amsa ka ba ni.

Ka gaida mutanen wurinku. Allah ya yi maka albarka.

Ni ne mahaifinka,
Mai gyaran keke.


Ɗana,

Bayan sallama da tambayar lafiyarka, amsarka ta iso, matarka ta karanta min. Gajera ce, amma na gane ba ka sauka daga kan bakanka ba. To ka gyara zama, yau da labari na zo, kuma bakina ya ƙi rufuwa.

Ka san ina ajiye man keke a 'yar ƙaramar kwalba mai tsinin baki. Maganin idona ma a irin wannan kwalbar yake. Matarka, Allah ya saka mata, ta liƙa wa kowacce takarda ta rubuta sunanta da rubutun nan nata mai kyau kamar na inji. Sai dai ni a wurina duk tururuwa ce a jere. Jiya da hantsi ina rumfa na lalubo kwalba, na ɗaga kai sama, na buɗe ido da yatsa. Sai ji na yi an doke hannuna, kwalbar ta faɗi ƙasa. Takwarana ne. Man keke na ɗauka.

Ya tsaya yana huci, ya ce min Kaka kai fa makaho ne, ba ka ga an rubuta ba? Na ce ai rubutun masu ido ne, ni ba a yi min nawa ba. Ya shiga ciki ya ɗauko allin da nake zana wurin faci da shi, ya yago kwalin taya, ya durƙusa a ƙasa, harshe a waje. Da ya tashi ya kafa min kwalin a gaban hanci. IDO. Kowane baƙi ya kai tafin hannuna, na tsakiyar ma baya ya juya mana, amma wallahi na karanta shi. Rabon da in karanta rubutun wani da kaina har na manta. Ya zaunar da kwalbar magani a kan kwalin, ya yi wani ya rubuta MAI, ya kai shi can ƙarshen benci.

Ba wanda ya ce masa ya rubuta. Ka sake karanta wannan layin.

Kafin la'asar rumfata ta zama kasuwar alamu. Gwangwanin noti, na bawul, na gam, akwatin sifana, duk sun sami suna. Har kujerata ya rubuta wa TSOHO. Na ce masa tsoho kakanka, ya ce ai shi yake nufi.

Matarka ta fito ta gani, ta tsaya jim, sai na ji ta nufi kwalin IDO da tsumma za ta gyara baƙin da ya juya. Na ce mata Malama, ɗakin karatu naki ne, ba na sa miki baki, amma rumfar nan tawa ce, kuma ba a goge komai a cikinta. Sai na ji tana jan hanci. Ta ce Baba, in aka ɗauke shi cewa za a yi na kasa, ni da na koyar da 'ya'yan mutane. Ka ji abin da hukuncinka ya jawo. Ba yaron kaɗai ka tsorata ba.

Na san abin da za ka ce, rubutun kwali ba rubutu ba ne, kai layi kake so. Aikin awo ya sa komai sai ya miƙe maka kamar igiya. To wannan kwalin ne ya hana ubanka zuba man keke a ido. Na sa ya yi min wani, wannan na asalin ga shi na haɗo maka da shi. Ka ajiye ko ka hura wuta da shi, ruwanka.

Jibi za a yi aikin, ka sa ni a addu'a.

Mahaifinka.


Ɗana abin alfaharina,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka dubi girman rubutun nan ka gane labarin da kanka. An yi aiki, an cire bandeji, ina gani. Alhamdu lillahi. Ina ganin zaren da ke bakin labule, ina ganin furfurar da ta cika min kai ba wanda ya gaya min.

Da na shiga rumfa na ga alamun takwarana da sabon ido, sai da na dafa bango don dariya. Gaskiyarka, ba su da kyau. Wani baƙin ya kwanta, wani ya hau wuyan ɗan'uwansa. Amma ban taɓa ganin abin da ya fi su kyau ba, kuma duka maganganun nan biyu gaskiya ne.

Yanzu ga sirri, ka riƙe. A gidan nan ban gaya wa kowa idon ya buɗe sarai ba. Ban ce ba na gani ba, ban dai ce ina gani ba. Dalili, duk kwanakin da ido yake rufe yaron nan ne magatakardana. Wanda ya kawo keke, shi ke rubuta abin da ya lalace ya rataya a kan kan keken, birki ko sarƙa ko faci. In ya ji na warke, ina tsoron ya ajiye allin ya koma ƙarƙashin tebur. Don haka nake lalube kamar da, ina kiran takwara zo ka rubuta min.

Matarka ta kama ni tun a kwana na biyu. Ƙaramin bawul ya faɗi cikin ƙasa, na sunkuya na tsince shi kai tsaye. Na ɗago muka haɗa ido. Ta rufe baki da gefen mayafi ta koma ciki. Can sai na jiyo ta tana cewa yaron, je ka rubuta wa Kaka abin da ke cikin gwangwanin can, ka san ba ya gani. Ka ga yanzu mu biyu ne a cikin laifin. Magogin ma na lura ya bar kan teburinta.

Yayarka ta bugo ta ce ta sa an gyara masa gado. Na ce ta ba wani, akwai masu bukata.

Ka kula da kanka.

Mahaifinka, mai ido biyu.


Ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fatan ƙafa ta warke, aiki kuma ya zo ƙarshe lafiya kamar yadda direba ya ce. An kama ni, kuma ban taɓa jin daɗin kamu irin wannan ba.

Ashe takwarana ya daɗe yana zargina. Ya ga na zura zare a allura ina ɗinke sirdi, ya yi shiru da bakinsa. Ranar Laraba na fito rumfa na tarar da littafin rubutunsa a buɗe a kan benci, littafin nan da ko taɓa shi ba ya yi. Shi kuma yana can gefe yana wasa da famfo kamar ba ruwansa. Na saci kallo. A kan layin farko, da fensir, da ƙananan baƙaƙe irin waɗanda makaho ba zai gani ba, an rubuta: Kaka akwai ƙadangare a hularka.

Kafin hankalina ya dawo na fizge hular na jefar har bakin titi. Yaron nan ya faɗi ƙasa yana birgima, yana cewa na kama ka, tsoho mai ƙarya, na kama ka. Uwarsa ta fito da gudu ta zaci ƙirjin ne. Da ta ga littafin sai ta zauna a kan akwatin sifana ta ƙura masa ido. Ta ce Baba, ka duba, a kan layi yake. Na ce na gani, ai ganin ne ya tona min asiri.

Don ya kama ni ya ƙanƙanta rubutun, ya zaunar da shi a layi, ya fito da fensir daga bututun keke ya fiƙe da kansa. Abin da goge-goge da barazana suka kasa, tsokana ta yi shi.

Na ba shi haƙuri a kan ɓoye masa da na yi. Na ce to yanzu ka huta, tunda na warke. Ya ce a'a, sai ya rama. Na ɗauki fensirin na rubuta masa a layi na biyu cewa ƙadangaren ya koma cikin wandonsa. Ya ba ni amsa a na uku. Tun ranar kullum da safe littafin na jirana a benci da sabon zagi, ni ma in bar masa nawa. Uwarsa ta ce in ya yi kuskure a kalma, sai ta rubuta daidai a gefe ta tafi, ba ta taɓa nasa. Jiya da kansa ya tambaye ta yadda ake rubuta gurgu, wai saboda tafiyata.

Shafi ka ce. Ga shafi na yago maka, rabinsa nasa, rabinsa nawa. Ba duka ne suka zauna a layi ba, wasu har yanzu suna leƙe. In ka ga wanda ya fi karkacewa, kada ka yi saurin magana, wataƙila na ubanka ne. Sauran za su miƙe a hankali, a nan gidan, a hannun uwarsa, kusa da maganin ƙirjinsa. Takwarana ba ya zuwa ko'ina. In ka dawo da niyyar ɗaukarsa, ka zo da mota mai faɗi, don da ni da rumfata za ka kwasa.

Amma ba na jin za a kai ga haka. Direba ya ce ya shiga tantinka ya ga wani yagaggen kwali an rataye a saman gadonka, da baƙi ɗaya a juye. Ban tambaye shi ba, shi ya faɗa.

Takwarana ya ce in bar masa wuri a ƙasa, yana da saƙo gare ka. Na bar masa. Ban gyara ba, uwarsa ba ta goge ba. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Ni ne mahaifinka mai ƙaunarka,
Mai gyaran keke.

Baba ba kaza ba ce ni ne. Ka ba ni amsa.