Kujerar Dogo

Inna,

Ina gaishe ki da Baba. Ya ƙafarki? Ni lafiya lau, sai ɗan ciwon baya.

Ofishinmu kasuwa ce, ba mai teburin kansa, inda ka samu nan za ka baje. Kujerar da nake samu, wani dogo ya ɗaga ta, ƙafafuna sai lilo. Ke kika hana mu taɓa kayan mutane, sai na yi ta haƙuri. Jiya ya gan ni dafe da ƙugu, ya ce, "Malam, kujerar nan ba gadon gidanmu ba ce!" Ya danna wani ƙarfe a ƙarƙashinta, ta sauko daidai ni.

Yau na yi ruku'u ba nishi. Ki sa shi a addu'a, Inna, amma gobe sai na riga shi teburin bakin taga.

Ɗanki