Ƙashin da na ƙona saboda haƙoran Inna

Salamu alaikum jama'ar Damargu kaf, masu rawani da masu hula da waɗanda kansu ba komai sai rana. Gaisuwa ga Ollelewa, ga Tanut, ga Balbeji, ga mutanen Tarka da suka ci tsirena ranar kasuwa suka koma gida suna lasar yatsa har bakin rijiya. Ni ne Iro Mai Tsire, sarkin fawan da aka ƙi naɗawa don kada sauran sarakuna su ji kunya. Ku matsa ku ba ni wuri, yau ba da ku nake ba, da bawana nake. Amma ku tsaya ku karanta, ai na san ko na kore ku ba tafiya za ku yi ba.

Zuwa ga Mutari ɗan Gwaggo Rabi, taubashina, bawana tun ranar sunansa, wanda yanzu yake can ƙasar Turawa yana yawo da farar riga kamar likita alhali ko mura bai iya warkarwa. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, ya sanyi, ya karatu, ya kewar fura. Lambarka ta daina shiga tun bayan girbi. Na kira na kira, wata mata ce ke amsawa da yaren da ban sani ba, kullum magana ɗaya take maimaitawa, har na fara tambayarta ya maigida. Shi ya sa na fito da kai fili. Duk wanda ya san inda Mutari yake, don Allah ya ɗora mishi wannan a kan hancinsa. Rubutun kuma ka karanta shi yadda ka same shi, ka san ni da lakwal, makarantar boko, ba mu rabu da daɗi ba.

Ka tuna zuwanka na ƙarshe, da ka zo gaisuwar Gwaggo, Allah ya jiƙanta. Na ja hannunka na kai ka bakin foraj ɗinmu, rijiyar burtsatsen nan, in yi maka kuri. Tun Hadiza babbar 'yata na rarrafe aka haƙa shi, tun lokacin kuma ban rufe baki ba. Tanki a sama, faifan hasken rana a jere suna ƙyalli, ruwa na zuba ba guga ba igiya ba raƙumi, garau kamar hawayen jariri. Nace maka ko a ƙasar Turawan naka ba a shan irin wannan.

Kai kuwa ba ka kalli ruwan ba. Bakin yaran da ke layi da bido, jarkokinsu na ɗibar ruwa, kake ta bi da ido. Ka kira Hadiza kace ta buɗe baki, ka duba. Daga nan ka cika kwalba ka ƙulle ta cikin jakarka. Na yi maka dariya har mako ya zagayo, na gaya wa duk fada kowa in zai bar Damargu da kilishi yake tafiya, bawana shi da ruwa ya tafi.

Sai ga saƙon muryarka bayan ka koma. Yana nan a wayata, na saurare shi har na kusa haddace shi. Kace ka auna ruwan a labo, ɗakinku na gwaje-gwaje, akwai wani abu a ciki wai shi fuluwor, daga dutsen can ƙasa yake narkewa ya shiga ruwa. Ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano. Kaɗan ɗinsa amfani ne ga haƙori, in ya yi yawa shi ke rina haƙoran yara, in an daɗe ana sha har ƙashi yake taɓawa. Kace tafasawa ba ta fitar da shi, tacewa da ƙyalle ba ta fitar da shi. Uwar yara da ta ji haka sai ta zauna a bakin murhu tana kallon tukunya, don ita kullum tafasa wa yara take, tana cewa ta fi matan gari tsafta.

Kace aikinku ke nan a can, shimi, wato ilmin sinadaran dutse da ƙarfe da gishiri. Wasu a ɗakinku na neman batirin da zai riƙe hasken rana har gari ya waye, wasu na neman takin da ba zai ɓata ƙasa ba, kai kuma wani garin magani da zai kama abin da ke cikin ruwa kake bi. Kace ba mu kaɗai ba ne, akwai irin ruwan nan a Indiya, akwai a gabashin Afirka, akwai a wuraren da ban iya faɗin sunansu ba. Nace to madalla, ashe duniya ma kwaikwayon Damargu take. Na yi dariyata ni kaɗai. Amma ban gama ta ba.

Don ka san Hadiza. Duk gidan nan ba mai dariyarta. In na buɗe baki tun ban kai ƙarshen magana ba ta faɗi ƙasa tana bugun tabarma. Yanzu 'yan ajinsu na ce mata tsohuwa mai goro. Ta goge da asuwaki, ta goge da gawayi, ta goge da toka har dasashinta ya yi jini. Kwanan baya na kwaikwayi yadda akuyar Malam Habu ta kore ni daga masallaci har rumfar fawa, gida duk aka kwanta don dariya, uwar yara har da ƙwarewa. Na juya in ga Hadiza. Dariyar take, kafaɗunta na rawa, amma ta ja gefen mayafi ta toshe baki. Mutari, ni da na sa jandarma dariya yana cikin rubuta min takarda, 'yata ta cikina ke ɓoye min haƙoranta.

Kai da bakinka kace nata ya riga ya zauna, gogewa ba za ta cire shi ba. Amma kace a yi hanzari da ƙaramar. Kace haƙoran gaskiya tun kafin yaro ya yi famfara ake gina su a cikin dasashi, kamar yadda gyaɗa ke 'ya'ya a ƙarƙashin ƙasa ba wanda ke gani, duk ruwan da ta sha yanzu da shi ake ginin. Ƙaramar nan ka san sunan wa ta ci. Sunan Gwaggo ne, shi ya sa muke ce mata Inna yadda kake kiran mahaifiyarka. Gwaggo ta goya ta kafin ta kwanta ciwo. Haƙoranta na yanzu farare tas kamar nonon safe, ko me ta gani washe su take.

Da damina mun tari ruwan sama mun ba ta. Da kaka mun ɗebo na tabki mun jefa alif ya kwanta, mun tafasa. Tabki ya ƙafe. Muka koma sayen na tsohuwar rijiya a wurin masu amalanken jaki, to yanzu makiyaya sun gangaro da dabbobi, rijiyar kuma ka san zurfinta, raƙumi sai ya yi tafiya kamar zai je wani gari kafin guga ta leƙo. Wata rana a samu, wata rana amalanke ya dawo da bido wayam. Yaro kuwa ba ya jiran layi in ƙishi ya kama shi. Inna ta koma shan na foraj. Duk kurɓin da ta yi sai in ji kamar a maƙogwarona yake wucewa.

To a ƙarshen saƙon nan naka kace akwai dabarar talaka, ƙonannen ƙashi yana kama abin, a daka shi a zuba a tano, gangar ruwa, da rairayi ruwa ya bi ta ciki. Kace za ka sake kira ka yi min bayani dalla-dalla. Ba ka kira ba. Nace to wa ya fi ni ƙashi a ƙasar nan? Wa ya fi ni sanin wuta? Ni da na gasa raƙumi guda a bikin ɗan hakimi ba inda ya ƙone, ƙashi ne zai gagare ni?

Sai da na fara zuwa wurin liman, don mata sun fara ƙananan maganganu wai ruwan ƙashi ba ya alwala. Liman yace in dai na yankakkiyar dabba ne ba laifi. Wani Buzu abokina da ya ji labari ya kawo min buhu guda na ƙashin raƙumi daga daji, kyauta. Liman ya tambaye shi wa ya yanka, yace fari ne ya yanka. Haka ya ɗora buhunsa ya koma.

Ƙonawa ta farko a kan tukubata na yi, yadda na saba. Ƙashin ranar ne, da ɓargonsa da kitsensa. Ya yi baƙi ƙirin, na daka, na zuba a tano, na tsiyayi ruwa. Ruwan ya fito da ɗan rawaya da maiƙo a sama, nace ƙarfin magani ne. Na dafa shayi da shi na kai fada ban gaya wa kowa ba. Malam Habu ya kurɓa, ya daɗe yana kallon sama, sannan yace, “Iro, wannan da barkono ake shansa ko da sukari?” Karnukan unguwa kuwa ranar a ƙofar gidana suka yini.

Ta biyu nace to wuta ce ta yi kaɗan. Na tafasa ƙashin na cire maiƙo, na shanya, na haɗa mishi wutar da ko maƙeri sai ya ja baya. Ya fito fari fat kamar alli. Ruwa ya bi ta ciki ya fito garau, ba wari ba komai. Kai Mutari, da ka ga tafiyata ranar. Na zagaye gari ina cewa bawana ya yi shekaru a labo, ubangidansa ya gama aikin tsakanin azahar da la'asar. Mata suka fara zuwa da bido, kowace na cewa a tace wa ɗanta. Ina ta tacewa ina ta kuri. Sai uwar yara tace in sake kunna saƙonka ta ji. Can wajen ƙarshe, inda kullum nake kashewa don na ɗauka sallama ce kawai ta rage, ga muryarka kana cewa kada ya yi baƙi ƙirin, kada kuma ya yi fari, in ya yi fari an kashe ƙarfinsa. Na kalli tano, na kalli layin mata. Ranar na ce musu injin yana hutu.

Ta uku ita ce wannan. Na zuba busasshen ƙashi a tukunyar ƙasa, na rufe na liƙe bakin da laka na bar 'yar kafa ɗaya, yadda masu gawayi ke hana wuta iska. Ya fito toka-toka kamar bayan zabo. Ba wari, shayi ya yi daɗi, Malam Habu ya sha har ya nemi na biyu. Shi Inna ke sha yanzu. Matan ma sun dawo, ban iya korarsu ba.

Amma ga abin da ya hana ni zama wuri ɗaya. Ruwan foraj garau yake. Ruwan farin ƙashin da ba ya aiki garau yake. Wannan ma garau yake. Na ɗaga su a rana, na shinshina, na ɗanɗana, duk ɗaya. Nama in ya gasu hancina ke gaya min tun daga nesa, wannan kuwa ba hanci ba ido ba harshe. Ban san ko yana kamawa ba. In yana kamawa ban san yaushe zai ƙoshi ya daina ba. Mata na yi min godiya, wata har da kawo min ƙwan zabi, ni kuma ina amsawa da dariya. In zaune nake sai in tashi in leƙa tano, in na leƙa sai in je in ce Inna ta buɗe baki, alhali na san abin da nake nema ba ya ganuwa tukuna. Jiya na bar tsire ya ƙone a kan tukuba. Ni. Mutanen Tarka ku rufe kunnenku.

Mutari ɗan'uwana, na san ba wulaƙanci ba ne. Wataƙila waya ce ta ɓace, wataƙila aiki ne ya danne ka, na san tun muna yara in ka sa kai a abu ko kiran cin tuwo ba ka ji. Gwaggo ta kan ce ɗayanku baki ɗayanku kai, in kun haɗu kun yi mutum guda. To baki ya yi iya nasa. Ku gyara duniya, ban hana ku ba, Indiya ma Allah ya ba su lafiya. Amma duniyar nan tana da wani lungu a bayan rumfar fawa, da wata yarinya mai sunan mahaifiyarka a ciki.

Allah ya tsare ka inda kake, ya buɗa maka kai a kan aikinka, ya sa garin da kake nema ya samu ya kai ga kowace rijiya. Allah ya kai haske kabarin Gwaggo. Allah ya dawo min da dariyar Hadiza ko da bakin a rufe ne, ya fito wa Inna da nata farare.

Akwai wani labarin ban dariya da na ajiye, ban taɓa ba kowa ba, ko fada ba su ji shi ba. Na Inna ne, sai ranar da sababbin haƙoranta suka fito zan faɗe shi a tsakar gida in ga bakin a buɗe.

Don haka ka aiko min da 'yar kwalbar nan da ka nuna min a hoto, wadda in an ɗiga a ruwa launi ke canzawa ya faɗi gaskiyarsa. Ka haɗa da bayani da baki, kada ka rubuta. Ka ba duk mai zuwa Damagaram, daga can motar Tanut za ta kawo, kowane direba ya san tukubata. Ba riga na roƙa ba, ba waya ba. Kwalbar kawai, kuma kafin yarinyar nan ta yi famfara.

Ubangidanka har abada,
Iro Mai Tsire