Izu Goma Sha Takwas

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ciwon bayan naki? Allah ya ƙara sauƙi.

Alhamdulillahi, kamfanin inshorar direban da ya buge ni ya biya diyya. Sai dai asibiti zai fara cirar nasa, kuma takardarsu ta tayar mini da hankali. Sun rubuta an yi mini gashin ƙafa sau talatin, alhali sau goma sha takwas na je. Idan aka cire haka, abin da zai rage ba zai sayi keken ɗinki mai lantarki ba, ga ƙafar nan ba ta iya taka na da. Ɗinkin ne kuwa cinmu.

Lauyana ya ce in haƙura tunda katina na asibiti ya ɓata. Amma ina da yaƙini. Kin san ba na son zaman banza. Duk ranar gashi izu ɗaya nake karantawa kafin a gama, kuma a na goma sha takwas na tsaya. Gobe zan je da kaina. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Sallama da fatan alheri. Ya jikin?

Na je. Akawun asibitin ya yi dariya har da buga tebur, wai Hajiya izu ba rasit ba ne. Kunya ta kama ni, na kusa juyowa. Sai ga matar da take gasa mini ƙafa ta zo wucewa, ta gane ni, ashe Mai Izu suke kirana a sashensu. Baiwar Allah ta bar abincinta ta ɗauko rajista, muka bi layi-layi. Ashe da wata mai suna irin nawa aka haɗa mu a fayil ɗaya.

To, sai rajistar ta nuna sha bakwai. Na ce a'a, sha takwas ne, akwai ranar da ba ta zo ba, wata ta karɓe ta, ƙila ta manta ba ta rubuta ba. Lauyan, da ya raka ni, ya dafe kai, ya ce shekara ashirin yana aiki bai taɓa ganin mai ƙara wa kansa bashi ba. Ni dai an gasa ƙafar, Yaya, na ji ɗumin. Ina zan kai haƙƙin mutane? Akawun bai sake dariya ba, da hannunsa ya gyara.

Keken ya iso jiya. Ki aiko da awonki, amma kada ki yi fushi, naki ne na biyu. Na riga na yanka na mai gasa mini ƙafa.

Ki gaida Malam da yara. Na bar ku lafiya.

Taki,
Auta