Ranar Kare a Osaka

Fukue, 2 ga Maris

'Yata Chizuru,

Ina gaishe ki, ina gaida mijinki. Sanyi ya fara sauƙi a tsibiri. Ki yi haƙuri da rubutun, da hannuna na yi shi, Malama Kuwata ta ajinmu na koyon karatu na manya ba ta gyara mini komai ba.

Cikinki ya shiga wata biyar. Ranar kare ta faɗo sha huɗu ga wata, ranar da ake karɓo wa mai ciki farin ƙyallen ɗaure ciki a ɗakin bauta, don ta haihu da sauƙi kamar karya. Zan zo Osaka in karɓo miki a ɗakin bautar Sumiyoshi. Kada ki ɗauki kaya. Kada ki hau keke.

Innarki,
Fusae

Osaka, 6 ga Maris

Inna,

Da fatan kina lafiya. Rubutunki ya fi na likitana kyau, shi da ya ce in kwanta kada in motsa. Mijina yana Nagoya, babu mai tarbar ki. Tashar jirgin ƙasa ta Umeda, ni da na shekara tara a nan ma ɓata nake yi, balle ke da kika taɓa shiga jirgin ruwan wani gari don kalarsa ta yi miki. Ki bari sai Mayu, a kai ki fadar Osaka da gidan kifaye, ki ci ki ƙoshi a Dotonbori. Ƙyalle ko a kanti akwai.

Ki kula da gwiwarki.
Chizuru

Fukue, 9 ga Maris

'Yata,

Na gode da gaisuwa. A Mayu ciki ya kai wata bakwai, lokaci ya wuce.

Gwiwata lafiya lau, ƙarya na yi miki da na ce ita ta hana ni karɓo miki ƙyalle. Cikinki na farko na je ɗakin bautar garinmu, aka miƙo mini takarda in rubuta sunanki da adireshinki. Ban iya rubutu ba, sai na ce na manta tabarau, na dawo gida. Na biyu ko ƙofar ban kai ba. Duka biyun suka zube. Likitanki zai ce ba ruwan ƙyalle, na sani, amma ni ban yafe wa kaina ba.

Tun kaka nake rubuta sunanki, littafi uku na cika. Na sayi tikiti.

Ki kwanta kamar yadda aka ce.
Innarki

Osaka, 15 ga Maris

Malama Kuwata,

Gaisuwa da girmamawa. Fadar da ke bayan wannan kati, ta tagar jirgin ƙasa kawai na hango ta. Sau biyu na ɓata a Umeda, na tsaya na karanta alluna har na fita.

A Sumiyoshi yarinyar da ke karɓar takardu ta ce, "Kaka, kawo in rubuta miki." Na ce, "Zauna, 'yar nan." Ina rubutawa da hannuna layi ya taru a bayana, ban waiga ba. Da mai addu'a ya ɗaga takardar, ya kira sunan 'yata da unguwarsu bai ko yi tuntuɓe ba.

Na ɗaura mata ƙyallen. Ta ce ya matse ta. Ban sassauta ba.

Ɗalibarki,
Fusae