Sunan Ɓera a Bakin Turawa

Litinin, 6 ga Mayu

Ɓeraye sun sake huda buhunan fulawa, manaja ya ce in rubuta rahoto da Turanci. Shekara talatin ina koyar da Turanci a sakandare, ga inda ritaya ta jefo ni: malamin sito a Sharaɗa. Da na rubuta "mouse" sai na tsaya. Ban taɓa tambayar kaina daga ina kalmar ta fito ba.

Laraba, 8 ga Mayu

Na duba tsohon ƙamusuna. Kalmar ta tsufa ƙwarai, Turawan dā "mus" suke cewa. Wasu masana na ganin tushenta wata kalma ce mai nufin sata. Ɗan ɓarawo ke nan! Na yi dariya, na waiwaya in faɗa wa wani. Buhuna kawai. Tun rasuwar matata Rakiya ba ni da mai jin irin wannan shirme nawa, kuma abin yana ci mini rai.

Alhamis, 9 ga Mayu

Na kira ɗana Usaini. "Baba, ina mitin." Shi ke nan.

Litinin, 13 ga Mayu

Leburori na cin abinci a gindin darbejiya, ni ina ciki da kwanona. Ba girman kai ba ne. To, wataƙila kaɗan.

Alhamis, 16 ga Mayu

Mamman, dattijon da ke ɗinke buhunan da suka huje, ya iske ni da ƙamus. Na kasa haƙuri, na zazzage masa labarin duka. Bai ɗago daga basillarsa ba.

"Malam, ashe ku ma ɓera ya dame ku har a littafi. Amma wanda ya raɗa sunan nan manomi ne, ba ɗan boko ba. Sai wanda aka shigar wa rumbu."

Na ji haushi. Mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa ba! Gaskiyarsa ce kuma.

Juma'a, 17 ga Mayu

Mamman ya ce in duba masa gafiya a ƙamus. Na ce sai na samu lokaci. Na riga na duba.

Talata, 21 ga Mayu

Kwana biyu Mamman bai zo aiki ba, wai zazzaɓi. Na tambayi leburori kwatancen gidansa a Panshekara, suka yi ta kallon juna. Na sayi lemo. Ba wani abu ba ne, buhuna ne suka taru ba mai ɗinkewa.