Gizo na Huɗu da Ban Tsaya Na Ji Ba

Zuwa ga Hajo, uwar 'ya'yana. Gaisuwa, da fatan ƙasa ta yi miki sauƙi.

Ni ke faɗa, malamin unguwa ke rubutawa. Ya ce mamaci ba ya karanta takarda. Na sani. Da ranki ma ba ki iya ba, balle ni. Amma sai na faɗa.

Garinmu Gaya na nan. Tsoron maharan Ningi ya sa tun la'asar ake rufe ƙofar gari, gonakin nesa duk ciyawa ta cinye. Ni ko an buɗe, ina za ni? Ƙafafu sun ƙi. Daga gadon kara sai kallon jinka.

A jinkar nan na ga gaskiyarki. Shekara nawa kina cewa gizon ɗaki gida ɗaya ne mai 'ya'ya huɗu, ni ina cewa duk gizo ɗaya ne? Na san mai ruwan toka na bakin rumbu, wanda yanarsa ke tsayar da jini. Na ga mai dogayen ƙafafu, ba amfani ba cuta. Na ga tautau mai sa ƙuraje. Na huɗun fa? Ranar da kika soma bayaninsa, fartanya na ɗauka na fice.

Ga abin da na ɓoye miki. Ranar da lauje ya sare ki a ƙafa, kika aike ni rumbu in ɗebo yana. Rana ta take, na ji ƙyuya. Ta bayan ƙofa na yago, na ce ta rumbu ce. Kika dube ta, kika dube ni, kika ɗaura. Kin gane, ko ba haka ba? Kwana tara ƙafar na kumbura. Malam ya ce ajali ne. Na yarda. Amma yanar wa na kawo miki?

Yanzu mata ni suke tambaya in yaro ya yanke. Gizo uku nake lissafa musu, in tsaya nan.

Audu ɗanmu na so ya ɗauke ni zuwa Ajingi. Matarsa kullum da tsintsiya. Na hana ta taɓa bayan ƙofar nan, ni ma ba inda za ni. Ko gizo na huɗun ya sauko in gan shi, ko in zo ki ƙarasa mini. Wannan karon zan zauna har ki gama.

Sai na iso.

Mijinki mai taurin kai,
Tanko.